Johanna Veenstra (1894–1933) da Hausar Majami'a a Ƙasar Takum

Masu nazarin yaɗuwar Hausa sun saba jingina bazuwarta ga fatake da malamai da kuma mulkin Turawa. Ba kasafai ake tunawa da matan mishan ba, alhali ta hannunsu Hausa ta zama harshen addu'a da karatu a wurin al'ummun da ba su gaje ta ba. Johanna Veenstra na cikin fitattun waɗannan mata.

An haife ta ranar 19 ga Afrilu, 1894, a garin Paterson na jihar New Jersey a Amurka, cikin iyali masu asali daga Holan. Mahaifinta kafinta ne da ya koma aikin fasto, ya kuma rasu tana da shekara 5. Tun tana 'yar shekara 14 ta shiga aikin sakatariya a New York, daga baya ta koyi aikin mishan a Brooklyn. A 1915 ta saurari jawabin Karl Kumm, wanda ya kafa ƙungiyar Sudan United Mission a 1904, sai ta ƙudura aniyar zuwa Afirka. Ƙa'idar ƙungiyar ba ta yarda a tura wanda bai kai shekara 25 ba, don haka ta yi amfani da shekarun jira wajen koyon aikin ungozoma. Ta sauka Legas a farkon 1920.

Ya kamata a lura da inda aka tura ta, da kuma dalili. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita wa'azin mishan a masarautun Musulmi, saboda alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna na barin addininsu yadda ya same shi. Shi kuwa Kumm, manufarsa a bayyane take: ya jera tashoshi a tsakanin ƙabilun da ba su musulunta ba, domin ya tare wa Musulunci hanyar kudu. A kan wannan tsari Veenstra ta zauna a Lupwe, kusa da Takum a Jihar Taraba ta yau, tun daga 1921, tsakanin Kuteb da Jukun. Ta buɗe ɗakin shan magani da makarantar kwana ta horar da masu bishara, tana kuma zagaya ƙauyukan kan duwatsu.

A nan ne abin sha'awa yake ga mai nazarin harshe. Harshen da ta koya, ta kuma koyar da shi, Hausa ce, wato harshen 'yan kasuwa Musulmin da ƙungiyarta ta zo yin takara da su. Yankin na da harsuna barkatai, ma'aikata kuwa kaɗan ne, kuma littattafan da ke hannu na Hausar boko ne. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Dakta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima mai yawa, ya fito a 1932, shekara ɗaya kafin rasuwarta. Ta haka mishan ɗin ya ƙara wa Hausa gindin zama a ƙasar Binuwai, har ikilisiyoyin da suka tsiro daga aikinsa suka haɗu a 1955 da sunan Hausa, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan.

Ikilisiyarta ta gida, Christian Reformed Church, ba ta ɗauki nauyinta ba. A 1920 majalisar ikilisiyar, wadda maza zalla ke zama a cikinta, ta zaɓi ƙasar Sin ta bar Afirka. Abin da ya riƙe aikin shi ne gudummawar ikilisiyoyi ɗaiɗaiku da tarukan matansu, waɗanda take zagayawa tana yi wa jawabi duk lokacin da ta je hutu. Littafinta na 1926, Pioneering for Christ in the Sudan, domin irin waɗannan masu bayarwa aka rubuta shi, kuma a ganina da wannan idon ya dace a karanta shi: yana da amfani ga tarihin yankin, amma yana kallon al'adun Kuteb da raini irin na zamaninsa. Waɗanda suka amsa kiranta daga ikilisiyar tata mata ne: Nelle Breen a 1930, sai Jennie Stielstra da Bertha Zagers a 1932.

Ta rasu ranar 9 ga Afrilu, 1933, a asibitin mishan na Vom, bayan tiyatar ciki, saura kwana 10 ta cika shekara 39. A can aka binne ta. Sai a 1940 ikilisiyar da ta ƙi Afirka ta karɓi aikin Lupwe a hukumance, kuma makarantar tauhidi ta Donga na ɗauke da sunanta.

Ni da na tashi a Birnin Gwari, na saba jin matan Gbagyi na Zumuntar Mata suna rera waƙoƙin ibada da Hausa, sanye da anko. Ba Veenstra ce ta kafa wannan ƙungiya ba, ba ta kuma yi aiki a dajinmu ba. Sai dai Hausar da suke waƙa da ita, mai kalmomi irin su ikilisiya da baftisma da bishara, ta fito ne daga irin azuzuwan da ta koyar a Lupwe, kuma ƙamusoshinmu da nazarce-nazarcenmu na karin harshe ba su ba ta kulawar da ta kamata ba tukuna.