Barmani Coge: Macen da ta fito da kiɗan ƙwarya daga tsakar gida

Idan ana lissafa manyan mawaƙan Hausa na ƙarni na 20, sunayen maza ne kan cika baki: Mamman Shata, Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos. Daga cikin mata ƙalilan da suka kutsa wannan sahu suka zauna daram akwai Hajiya Sa'adatu Ahmad, wadda duniya ta sani da Barmani Coge.

An haife ta cikin shekarun 1940 a ƙauyen Gwaigwayi da ke kusa da Funtuwa, a Jihar Katsina ta yanzu. Barmani suna ne da Hausawa kan laƙaba wa 'yar da aka haifa bayan an sha rashin 'ya'ya, wato roƙon Allah Ya bar wa uwa wannan. Coge kuwa laƙabi ne da ta samu tun tana yarinya, saboda yadda takan kwaikwayi tafiyar wani gurgu. An yi mata aure da ƙuruciya, kuma mijinta, Alhaji Aliyu, makaɗin garaya ne, don haka ba ta gamu da tsangwamar da ta rufe bakin mata da yawa masu irin baiwarta ba.

Fagenta shi ne amada, kiɗan da mata ke yi wa junansu a cikin gida ranar biki ko suna. Akan kifa ƙorai, wata a ƙasa wata a kan ruwa, ana bugawa da 'yan sanduna, jagora na ba da waƙa 'yan amshi na karɓa. Uwaliya Mai Amada ta Kano ta riga ta suna a wannan fage, amma a hannun Barmani ne kiɗan ya karaɗe ƙasar Hausa. Gidajen rediyo suka ɗauka, kaset-kaset ɗinta suka shiga kasuwanni tun daga Funtuwa har Potiskum da Maraɗi, maza suka ji abin da a da ba ya ƙetare katanga.

Abin da suka ji ba mai daɗin ji ba ne ko yaushe. Ta yi waƙa kan kishi da kishiya, da naƙuda, da zaman aure, da jikin mace, ba tare da kewaye-kewaye ba, har wasu suka zarge ta da batsa. Sai dai jigon da ta fi nanatawa shi ne sana'a. A waƙarta Sakarai Ba Ta Da Wayo ta caccaki macen da ta naɗe hannu tana jiran miji ya yi mata komai. Ta yi wannan kira tun kafin shirye-shiryen tallafa wa mata su zama ruwan dare a ma'aikatun gwamnati, kuma ta yi shi da harshen da matan ke magana da shi.

Masu bibiyar waƙar rap kan tuna 1988, shekarar da MC Lyte ta fitar da kundinta na farko a Amurka, a fagen da maza suka mamaye. A lokacin, Barmani ta daɗe tana jifa da magana a kan amon ƙwarya, tana zambo da habaici, tana shugabantar ƙungiyarta ta mata.

Ta rasu a Funtuwa a watan Maris na 2013. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi rubutu a kanta, amma yawancin waƙoƙinta na warwatse a tsofaffin kaset da wayoyin jama'a, ba kwanan wata, ba sunayen 'yan amshi. Kaset kuwa lalacewa yake yi. Tattara su da adana su aiki ne da ya dace da hukumomin al'adu na tarayya, tun matan da suka yi mata amshi suna da sauran numfashin ba da labari.