Ada Lovelace

Augusta Ada King, wadda aka fi sani da Ada Lovelace (10 ga Disamba, 1815 – 27 ga Nuwamba, 1852), masaniyar lissafi ce ’yar ƙasar Ingila. Ta shahara saboda bayanan da ta rubuta a 1843 a kan na’urar lissafi ta Charles Babbage. Mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin wadda ta fara wallafa manhajar kwamfuta, a zamanin da jami’o’in ƙasarta ba sa karɓar mata.

Farkon rayuwa

An haife ta a Landan. Mahaifinta shi ne Lord Byron, fitaccen marubucin waƙoƙi, mahaifiyarta kuma Anne Isabella Milbanke. Auren iyayenta ya mutu tana da makonni kaɗan a duniya. Byron ya bar Ingila a watan Afrilu na 1816, ya rasu a Girka a 1824 ba tare da ya sake ganin ta ba. Mahaifiyar, wadda ita ma ta karanci lissafi, ta dage sai ’yarta ta koyi lissafi da kimiyya, don gudun kada ta gaji halin ubanta. A 1829 ƙyanda ta kwantar da Ada kusan shekara guda, amma ba ta bar karatu ba.

Karatu

Duk karatunta a gida ta yi shi. Jami’ar Landan ba ta fara ba mata digiri ba sai 1878, Oxford sai 1920, Cambridge kuwa sai 1948. Daga cikin waɗanda suka ja hannunta akwai Mary Somerville, masaniyar kimiyya ’yar Scotland. Daga 1840 Augustus De Morgan ya riƙa koyar da ita ta hanyar wasiƙa. A wata wasiƙa da ya aika wa mahaifiyarta a 1844, ya yaba basirarta ƙwarai, amma ya nuna fargabar cewa zurfafa tunani a lissafi ya fi ƙarfin jikin mace. Wannan ra’ayi ya zama ruwan dare a tsakanin masanan lokacin.

A 1835 ta auri William King, suka haifi ’ya’ya uku. A 1838 aka ba shi sarautar Earl na Lovelace, daga nan ta samo sunan da aka san ta da shi.

Aikinta da Babbage

Ta haɗu da Babbage a watan Yuni na 1833 tana da shekara 17. Daga baya ya tsara na’urar da ya kira Analytical Engine, wadda za a riƙa ba ta umarni da katuttuka masu huji, irin waɗanda ake sa wa injin saƙa na Jacquard don ya fitar da zane a jikin yadi. A 1842 wani injiniya ɗan Italiya, Luigi Menabrea, ya wallafa bayanin na’urar da Faransanci. Ada ta fassara shi zuwa Turanci, ta ƙara nata bayanai guda bakwai, daga A zuwa G, waɗanda suka ninka ainihin rubutun kusan sau uku. An buga aikin a 1843 da haruffan A.A.L. kawai, ba da cikakken sunanta ba.

A bayani na bakwai ta jera matakan da na’urar za ta bi ɗaya bayan ɗaya ta fitar da lambobin Bernoulli. Ta kuma hango cewa aikin na’urar bai tsaya kan ƙidaya ba: duk abin da za a iya wakilta da alamomi, har da sautin kiɗa, za ta iya sarrafa shi. Sai dai ta ja kunne cewa na’urar ba ta ƙirƙiro komai da kanta, abin da aka san yadda za a umarce ta shi take yi. A 1950 Alan Turing ya tattauna wannan batu a maƙalarsa kan ko na’ura tana iya tunani. Ba a taɓa kammala ƙera na’urar ba.

Saɓanin masana

Masana tarihi sun sha bamban kan girman gudummawarta. Wasu suna nuna cewa Babbage ya riga ta zayyana irin waɗannan matakai a takardunsa da bai wallafa ba, kuma ya taimaka mata da lissafin Bernoulli. Wasu kuma suna kafa hujja da wasiƙunsu, waɗanda suka nuna ita ta zaɓi misalin, ta kuma yi aikinsa dalla-dalla. Galibinsu sun yarda cewa bayaninta kan amfanin na’urar a wajen lissafi nata ne.

Rasuwa da tunawa da ita

Ta rasu sakamakon cutar dajin mahaifa tana da shekara 36. An binne ta kusa da mahaifinta a cocin St Mary Magdalene da ke Hucknall, kamar yadda ta bar wasiyya. Ba a waiwayi aikinta sosai ba sai 1953, da B. V. Bowden ya sake buga bayananta. A 1980 Ma’aikatar Tsaron Amurka ta amince da harshen rubuta manhaja mai suna Ada. A 2009 Suw Charman-Anderson ta kafa Ranar Ada Lovelace, wadda yanzu ake yi ranar Talata ta biyu a watan Oktoba, don fito da ayyukan mata a kimiyya da fasaha da lissafi.