Bello Kagara: Malamin da ya rubuta Ganɗoki, littafin da ɗalibai ke shakka

A cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, wadda Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya, da wuya a sami wanda ɗalibai ke kokawa da shi kamar Ganɗoki. Ruwan Bagaja ana karanta shi ana dariya. Ganɗoki kuwa, da yawa sukan buɗe, su ci karo da kirari da tsohuwar Hausar mayaƙa, sai su ajiye. Alhali marubutan biyu 'yan gida ɗaya ne: Malam Muhammadu Bello Kagara yayan Abubakar Imam ne.

An haifi Bello a 1890 a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne. Yana yaro sojojin Lugga suka faɗa wa Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fice daga garin, iyayen Bello na cikin waɗanda suka bi shi. Wato yaƙin da ke farkon littafinsa ba tatsuniya ba ce a wurinsa, abu ne da ya tashi gidansu.

Bayan karatun allo da na ilimi, ya shiga makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano. Daga baya ya koyar da Larabci da addini a Kwalejin Katsina, inda irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Yana wannan aikin ne ya rubuta Ganɗoki, aka buga shi a 1934.

Me ke sa littafin nauyi? Rabinsa na farko tarihi ne: jarumi Ganɗoki yana ba da labarin yadda ya kara da Turawa, da sunayen sarakuna da garuruwa a jere, ba tare da an tsaya yi wa mai karatu bayani ba. Kwatsam sai labarin ya tsallaka duniyar aljanu da ƙasashen gabas, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suna ta yaƙi suna musuluntar da jama'a. Wanda ya zo neman tarihi sai ya ruɗe, wanda ya zo neman almara kuma ya gaji tun kafin a kai can.

A ganina, matsalar ita ce da ido ake karanta shi, alhali don kunne aka rubuta shi. Mutumin Bakura ko Maradun da ya tashi yana jin Musa Ɗanƙwairo yana wasa sarakuna, in aka karanta masa Ganɗoki da murya, ba zai nemi ƙamus ba. Haka ma ɗalibi a Talata Mafara da bai raina Hausar kakanninsa ba. Littafin ma siriri ne, zama biyu ya isa.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya shi ne ƙarshe. Jarumin ya dawo gida ya tarar Turawan da ya yaƙa sun kafu, zamani ya sauya, kuma bai sake zare takobi ba. Wasu na ganin wannan lallashin Turawan da suka shirya gasar ne. Mai yiwuwa. Amma wanda ya yi hijira saboda Turawa yana yaro, ya girma yana koyarwa a makarantarsu, ai rayuwarsa ce ya zuba a takarda, kuma bai rage wa jarumin nasa ko kirari ɗaya ba don a ji daɗi.

Bello ya bar koyarwa a 1945 ya koma alƙalanci a Katsina, har ya zama Walin Katsina. Ya kuma rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya rasu a 1971.