Charles Houston: Malamin da ya yaye lauyoyin da suka rusa wariya a makarantun Amurka

A shekarar 1929 da aka damƙa wa Charles Hamilton Houston ragamar tsangayar shari'a ta Jami'ar Howard da ke Washington, makarantar dare ce galibi. Ɗalibanta ƙananan ma'aikata ne da ke yini a bakin aiki su shigo aji a gajiye, malamanta kuwa lauyoyi ne da ke leƙowa bayan sun tashi daga ofis. Ita ce ta yaye kaso mai yawa na lauyoyi baƙaƙen fata a ƙasar, amma Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ba ta amince da ita ba.

An haifi Houston ranar 3 ga Satumba, 1895 a Washington, mahaifinsa kuma lauya ne. Ya kammala Kwalejin Amherst a 1915, sannan ya zama hafsan soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har aka tura shi Faransa. Wulaƙancin da ya sha a cikin kaki, da yadda ya ga ana zaluntar sojoji baƙaƙe a gaban kotun soja, su suka karkata shi ga karatun shari'a. Ya shiga Harvard a 1919, ya zama baƙar fata na farko cikin editocin mujallar shari'a ta jami'ar, ya kuma sami digirin digirgir a 1923.

Mutum mai irin wannan takarda zai iya zama a ofishin mahaifinsa ya tara abin duniya. Shi dai aji ya fi jan hankalinsa. A ganinsa, lauyan da zai tsaya wa baƙar fata a gaban alƙali farar fata a Kudancin Amurka ba shi da damar yin kuskure ko da na waƙafi ne, domin da wannan kuskuren za a fake a kori ƙarar.

Saboda haka ya ɗauki matakin da ya jawo masa baƙin jini: aka rufe sashen dare, aka tsaurara sharuɗɗan shiga, aka tsawaita zangon karatu, aka ɗauki malamai na dindindin. Wasu malamai suka ajiye aiki, tsofaffin ɗalibai suka zarge shi da son mayar da Howard wata Harvard. Koken nasu yana da tushe, domin talakan da ba zai iya barin aikin rana ba an rufe masa ƙofa ke nan, kuma irin waɗannan ne makarantar ta daɗe tana yi wa hidima. Sai dai a 1931 aka amince da tsangayar a hukumance.

A aji ba ya sassauci. Ɗalibai sun laƙaba masa suna mai takalmin ƙarfe, da yawansu kuma sun faɗi a hanya. Amma tsananin bai zo shi kaɗai ba. Yakan gayyato manyan masana irin su Roscoe Pound da Clarence Darrow su yi wa ɗaliban lacca, yakan kuma tura su kotuna da ofisoshin 'yan sanda su ga yadda doka take aiki a zahiri. Wani ɗalibi mai suna Thurgood Marshall, wanda mahaifiyarsa ta jinginar da zobbanta na aure don kuɗin makarantarsa, kullum daga Baltimore yake tahowa a jirgin ƙasa. Da ya yi zarra a shekarar farko sai aka ba shi aiki a ɗakin karatun tsangayar, abin da ya rage masa nauyin kuɗi ya kuma kusantar da shi ga malaminsa. Tun yana ɗalibi Houston ya fara jawo shi cikin binciken shari'o'i na gaske. Shi ya zo na ɗaya a ajin 1933, Oliver Hill na biye da shi.

A 1935 Houston ya koma lauyan ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata. Dabararsa ita ce ya tilasta wa jihohi cika alkawarin dokarsu ta wariya, wadda ta ce za a raba makarantu amma a daidaita su, ya san kuwa ba za su iya ba. Ya zaga Carolina ta Kudu da kyamara yana ɗaukar hotunan makarantun baƙaƙe masu kama da bukkoki. Shi da Marshall suka sa kotu ta umarci Jami'ar Maryland ta karɓi Donald Murray, a 1938 kuma ya yi nasara a Kotun Ƙoli a shari'ar Lloyd Gaines da jihar Missouri.

Aiki ba hutu ya cinye lafiyarsa. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa ranar 22 ga Afrilu, 1950, yana da shekara 54. Ranar 17 ga Mayu, 1954, Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati a shari'ar Brown. Marshall ne ya jagoranci lauyoyin masu ƙara, Oliver Hill kuma na cikin waɗanda suka shigar da ƙarar jihar Virginia, ɗaya daga ƙararraki biyar da aka haɗa a shari'ar.