Leo Fender: Mai Gyaran Rediyon da Ya Sauya Muryar Jita

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai gyaran rediyo a Kasuwar Monday da ke Maiduguri, ya ga dalma tana narkewa a bakin ƙarfe, ga tarin wayoyi da tsofaffin lasifikoki a gefe, to ya ga irin wurin da Leo Fender ya fara aikinsa. Daga irin wannan teburi ne ya tashi har ya zama mutumin da ya fi kowa tasiri a kan yadda ake haɗa wayoyin jitar lantarki da sarrafa amonta, alhali kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa bai iya kaɗa jita ba.

An haifi Clarence Leonidas Fender ranar 10 ga Agusta, 1909, a gonar lemun iyayensa da ke kusa da garin Anaheim, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Yana ɗan shekara takwas wani ƙari ya yi sanadin cire masa idon hagu. Sha'awar lantarki ta kama shi ne a shagon wani kawunsa mai gyaran wayoyin mota, inda ya ga rediyon da kawun ya harhaɗa da hannunsa. Duk da haka, aikin akanta ya karanta a kwalejin Fullerton, kuma da shi ya fara neman abinci.

Matsin tattalin arzikin da ya dabaibaye Amurka a shekarun 1930 ya raba shi da aikin ofis. A 1938 ya ranci dala 600, ya buɗe shagon gyaran rediyo a Fullerton. Ba a jima ba makaɗa suka fara kawo masa amfilifayoyinsu da suka lalace, wasu kuma suna hayar na'urorin ƙara sauti da ya ƙera. A nan ya ga matsalar jitar lantarki ta wancan zamani: cikinta rami ne kamar ƙoƙon garaya, da an ƙara mata sauti sai ta ɗauki kuka mai huda kunne, kuma gyaranta sai ƙwararren masassaƙi.

Bayan ɗan gajeren haɗin gwiwa da Doc Kauffman, Fender ya kafa kamfaninsa a 1946. A 1950 ya fitar da jita mai jikin katako tsantsa, babu rami, ya raɗa mata suna Broadcaster. Kamfanin Gretsch ya yi ƙorafin cewa sunan ya yi kama da na gangunansa, don haka a 1951 aka mayar da ita Telecaster. Wasu sun yi mata ba'a saboda rashin ado, amma idon mai gyara ne ya zana ta. An ɗaure wuyanta da sukuru huɗu, ta yadda in ya lalace sai a kwance a sa wani. Maɓallan sauti da wayoyinsu kuma suna kan farantin ƙarfe guda, wanda kowa zai iya ɗagawa ya duba.

Domin gane abin da ya biyo baya, sai an san yadda muryar jita take fita. A ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe akwai na'urar ɗaukar sauti, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiya ta girgiza, sai ƙaramar wuta ta motsa cikin wayar, ta nufi amfilifaya. Na'urar da ke kusa da wuyan jita tana ba da amo mai kauri da taushi, ta can ƙasa kusa da maɗaurin tsirkiya kuwa amonta siriri ne mai kaifi. Maɓallin daidaita amo ba ya ƙara komai, ragewa kawai yake yi: yana aiki tare da wata 'yar kafasita da ke janye kaifin sauti ta zubar. Canza girman kafasitar nan kaɗai yana iya sauya muryar jita baki ɗaya.

A kan wannan fanni ne tunanin Fender da na makaɗa suka yi ta cin karo. Daga 1952, ya haɗa wayoyin Telecaster ta yadda matsayi ɗaya na makunninta yake ba da amo mai duhu ƙwarai, domin mai jita ya iya cike gurbin mai kaɗa bas. Makaɗa da yawa ba su so hakan ba, suka riƙa kai jitarsu a sake mata haɗi domin na'urorin biyu su yi aiki tare. Sai a 1967 kamfanin ya karɓi wannan haɗi a matsayin na asali.

Haka aka yi da Stratocaster, wadda ta fito a 1954 da taimakon Freddie Tavares da George Fullerton. Tana da na'urorin ɗaukar sauti uku da makunni mai matsayi uku, kowace da nata. Makaɗa suka gano cewa idan aka tsayar da makunnin tsakanin matsayi biyu, na'urori biyu suna haɗuwa su fitar da wani amo mai daɗi da ba a tsara ba. Wasu har tsinken ashana suke cusawa don kada ya goce. An shafe shekara 23 kafin kamfanin ya sa makunni mai matsayi biyar a 1977. Bayan haka, Fender bai ba na'urar ƙasa maɓallin rage kaifi ba, kuma har yau matsar da waya ɗaya don gyara wannan yana cikin sauye-sauyen da masu gyara suka fi yi.

A Janairun 1965, yana fama da rashin lafiya, Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS a kan dala miliyan 13, tare da alkawarin ba zai yi gogayya da su ba har shekara goma. Da wa'adin ya cika sai ya koma fagen. A kamfanin Music Man, bas ɗin StingRay ta 1976 ta zo da da'ira mai batir da ke iya ƙara kauri ko kaifin sauti, maimakon ragewa kawai. Daga baya shi da George Fullerton suka kafa G&L, inda ya ba jita maɓallai biyu daban, ɗaya na rage kaifi, ɗaya na rage kauri, kuma dukkansu suna aiki a kan kowace na'ura. Dattijon ya amsa ƙorafin da makaɗa suka daɗe suna yi.

Cutar makyarkyata ta Parkinson ta raunana shi a ƙarshen rayuwarsa, amma bai daina zuwa ɗakin gwajinsa ba. Ya rasu ranar 21 ga Maris, 1991, a Fullerton, yana da shekara 81. A shekarar da ta biyo baya aka sanya sunansa a zauren karrama gwanayen kiɗan rok na Amurka.

Jitarsa ta shiga hannun Buddy Holly, ta shiga hannun Jimi Hendrix a bikin Woodstock na 1969, ta kuma iso yankin Sahel, inda Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke, yake kaɗa Stratocaster a manyan dandamalin duniya. Dalilin wannan yaɗuwa yana komawa ga shagon Fullerton: Fender ya ƙera kaya ne da za a iya buɗewa da sukudireba. Shi ya sa idan jitar wata ƙungiyar makaɗa ta yi shiru ana gab da biki a Maiduguri ko Agadas, mai gyaran rediyon unguwa zai iya ɗaga farantinta, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga dalma inda ta tsinke, ya mayar mata da muryarta.