Dakta William Serle: Likitan Da Ya Rubuta Tsuntsayen Ƙasarmu

Da yawa daga cikinmu da muka tashi a Kakuri, Barnawa ko Makera mun san balbela da zalɓe da carki a bakin Kogin Kaduna tun kafin mu san allo. Kaɗan ne, sai dai, suka san sunan likitan da ya shafe shekaru yana bin diddigin tsuntsayen ƙasar nan.

An haifi William Serle a Edinbura ta ƙasar Sikotilan a 1912, ɗan wani limamin coci mai sha'awar tsuntsaye. Bayan ya kammala karatun likita, ya shigo Nijeriya a 1937 a ƙarƙashin hukumar lafiya ta 'yan mulkin mallaka. In ya sallami majiyyata sai ya nufi daji, yana lura da sheƙa da ƙwai da lokacin ƙyanƙyasa. Abin da ya gani a Arewa ya fito a mujallar Ibis tsakanin 1939 da 1943.

Ya kamata mu faɗi gaskiya: Serle ɗan zamaninsa ne. Ya harbi tsuntsaye, ya kwashi ƙwai, ya aika da su gidajen tarihi na Birtaniya, abin da masu kare tsuntsaye a yau ba za su lamunta ba. Amma bai ɓoye wahalar wasu ba. Wani sabon tsuntsu da ya bayyana wa masana a 1949 daga Dutsen Kupe na Kamaru, sunan mataimakinsa ɗan Nijeriya, Gilbert Nkwocha, ya sa masa.

A 1959 ya zama limamin coci a Drumoak, can ƙasarsu. Daga nan ne, shi da Gérard Morel, suka fitar da littafin gane tsuntsayen Afirka ta Yamma a 1977, wanda ya yi fiye da shekara 20 a aljihun ɗalibai da ma'aikatan gandun daji. Ya rasu a 1992.

Da irin waɗannan rubuce-rubuce ne masana ke auna abin da muka rasa. Gauraka ta kusa ƙarewa a Nijeriya, ungulu kuwa da ke cika mahauta ta yi wuyar gani. Dajin Nindam na kusa da Kagoro, wanda aka lissafa cikin muhimman matsugunan tsuntsaye, gatari da noma na ci gaba da cin gefensa.