Theodor Boveri: Malamin da Ya Karanta Gadon Iyaye a Cikin Ƙwan Macijin Ciki

Idan kana zaune a yankin Ɗambatta, Bichi, Makoɗa ko Minjibir, inda gona ke manne da gona kuma gida ke kallon gida, ba sai an yi maka bayanin macijin ciki ba. Wataƙila ka taɓa ganin yaro ya kasayar da shi, fari sol, tsawonsa ya kai taƙi ko ya fi. Doki ma yana da irin nasa, musamman duƙushi, kuma masu kiwon dawakin hawan salla sun san shi a cikin kashin dabbobinsu. Na doki daban ne da na mutum, amma 'yan gida ɗaya ne. A cikin ƙwan wannan tsutsa ta doki, wadda kowa ke ƙyama, wani Bajamushe ya gano yawancin abin da mu likitoci muke dogara da shi yau idan muna yi maka bayanin gadon ciwo daga iyaye ko asalin ciwon daji. Sunansa Theodor Boveri.

An haife shi ranar 12 ga Oktoba, 1862, a garin Bamberg da ke kudancin Jamus. Mahaifinsa likita ne. Ƙanensa Walter shi ne ya yi dukiya, domin yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin injinan lantarki na Brown Boveri a ƙasar Suwizalan. Shi kuwa Theodor ya shiga jami'ar Munich a 1881, ya fara da tarihi da falsafa, daga baya ya koma ilimin jikin ɗan Adam da na dabbobi. Ya samu digirin dakta a 1885 da bincike kan zaren jijiyoyi. A 1893, yana ɗan shekara talatin, aka ba shi kujerar farfesa a jami'ar Würzburg, kuma bai bar ta ba har ya mutu. A wannan jami'a ce abokinsa Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar maka hoton ƙirji da na ƙashi da shi, a 1895.

Me ya kai shi ga tsutsa? Jikinka an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a tsakiyar kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, waɗanda ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Mutum yana da guda 46 a kowace ƙwaya, cukurkuɗe da juna, har sai a 1956 aka iya ƙirga su daidai. Macijin cikin doki kuwa huɗu kawai gare shi, wani nau'insa ma biyu, manya-manya, ana ganinsu sarai a madubin likita. Ga shi mace guda tana cike da ƙwai dubbai, a kowane mataki na girma. Wani masani ɗan Beljiyam, Edouard van Beneden, ya riga ya nuna a 1883 cewa a wannan tsutsa rabin kuromosom daga ƙwan uwa yake zuwa, rabi daga maniyyin uba. Boveri ya ɗora daga nan, ya nuna cewa kowane zare yana riƙe da kansa daga rabuwa zuwa rabuwa, ba narkewa yake yi a sake ƙera wani ba.

Ina so ki tsaya a nan, ke uwa da aka ɗora wa laifin haihuwar ɗa mai sikila, kai kuma uban da danginka ke cewa daga gidan matarka ciwon ya fito. Yaro ba ya samun sikila sai ya karɓi ƙwayar gadon daga ɓangarorin biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Lissafin da aka fara gani a ƙwan tsutsa shi ne yake aiki a kanmu. Haka ma zancen haihuwar 'ya'ya mata zalla: wata Ba'amurkiya, Nettie Stevens, wadda ta taɓa yin aiki a ɗakin binciken Boveri, ta nuna a 1905 cewa kuromosom ɗin da maniyyi ya kawo ne ke tantance jinsi.

A 1887 ya ga abin da ya fi ba ni sha'awa a duk aikinsa. Ƙwan tsutsa yana rabuwa gida biyu. Ƙwayoyin biyu sun fito daga tushe guda, da kayan gado iri ɗaya, amma makomarsu ta bambanta tun daga nan. A rabuwa ta gaba, ɗayarsu takan kakkarya kuromosom ɗinta ta zubar da wani sashe, ɗayar kuma ta riƙe nata cif. Haka ake maimaitawa a 'yan rabuwar da ke biye, kullum ƙwaya guda ce ke tsira da cikakken kaya. Waɗanda suka zubar su ne ke zama fata, hanji da tsoka. Wadda ta riƙe ita ce za ta samar da ƙwai ko maniyyi na zuri'a mai zuwa. Manomi ya san wannan dabarar: hatsin ci daban, iri kuma a ware shi a rumbu ba a taɓa shi.

Tambayar da ta dame shi shekara da shekaru ita ce, wa ke gaya wa ƙwaya ta zubar ko ta riƙe? Sai wajen 1910 ya samu amsa. Ya saka ƙwai a na'urar da ke juya su da ƙarfi har abin da ke cikinsu ya sauya wuri, ya kuma binciki ƙwan da maniyyi biyu suka shiga. Ya ga cewa ruwan da ke kewaye da kuromosom ba iri ɗaya ba ne a ko'ina cikin ƙwan. Duk ƙwayar da ta gaji ruwan wani gefe na musamman, ita ce ke riƙe kayanta, ko da sun zama biyu maimakon ɗaya. Wato ƙwayoyin gado ba su kaɗai ke yanke hukunci ba, suna karɓar saƙo daga abin da ke kewaye da su. Jikin mutum ba ya zubar da kuromosom irin na tsutsa. Namu ƙwayoyin suna riƙe kayansu, sai dai su kunna wasu ƙwayoyin gado su kashe wasu gwargwadon saƙon da ya iso musu. Ɗalibinsa Hans Spemann ya bi wannan layi na yadda wani sashen ɗan tayi ke umartar wani, har ya samu kyautar Nobel a 1935.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. A 1897 ya auri Marcella O'Grady, Ba'amurkiya masaniyar ilimin halittu wadda ta zo ɗakin bincikensa daga kwalejin Vassar. Tare suka riƙa zuwa tashar bincike ta Naples a Italiya, suna aiki kan ƙwan wata dabbar ruwa mai ƙaya, bushiyar teku. A ganina ba a ba ta haƙƙinta ba, domin sunansa kaɗai ke kan takardun.

Tun a 1888 Boveri ya raɗa wa wani ɗan ɗigo suna sentirosom. Shi ne turken da ake ɗaure zaren da ke jan kuromosom zuwa gefe biyu lokacin rabuwa. Idan maniyyi biyu suka shiga ƙwai guda, turakan sukan yi yawa, rabon ya karkace, wata ƙwaya ta samu ƙari wata ta samu ragi. A 1902 ya nuna cewa irin waɗannan 'ya'yan tayi suna lalacewa ko da yawan kuromosom ɗin ya isa, matuƙar haɗin bai cika ba. Ma'ana kowane zare da aikinsa, wani ba ya maye gurbin wani. A 1959 aka tabbatar da irin haka a mutum, da aka gano cewa ƙarin kuromosom guda na lamba 21 ne ke kawo lalurar Down.

Daga nan ya tsallaka zuwa ciwon daji, shi da ba ya duba marasa lafiya. A 1914 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi inda ya ce ƙari mai mugun nufi yana farawa ne daga ƙwaya guda ta jikin mutum wadda kuromosom ɗinta ya rikice. Ya yi hasashen cewa akwai sassan gado masu hana ƙwaya rabuwa da masu ingiza ta, kuma ciwon na tasowa idan aka rasa na farko ko na biyu suka rinjaya. Likitocin zamaninsa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. Sai a 1960 aka ga wani guntun kuromosom a masu wata sankarar jini a birnin Philadelphia, wadda yanzu ake da maganin sha mai suna imatinib dominta. Kumburin muƙamuƙi na Burkitt, da ake gani a yaran ƙasashenmu masu zazzaɓin cizon sauro, shi ma musayar gutsure ne tsakanin kuromosom biyu, galibi na 8 da na 14. Don haka idan aka ce ɗan'uwanka yana da ciwon daji, ba jifa ba ne, kuma ba za ka ɗauka ba don kun ci a kwano guda. Abin da ke cutar da shi shi ne watannin da ake ɓatawa kafin a kai shi a ɗebi tsokar a auna, alhali Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana yin wannan awon.

Rashin lafiya ya sha kwantar da Boveri. A 1913 ya ƙi karɓar shugabancin wata sabuwar cibiyar bincike a Berlin, ya zauna a Würzburg. Ya mutu ranar 15 ga Oktoba, 1915, kwana uku bayan cikarsa shekara 53, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Marcella ta koma Amurka, ta fassara littafin ciwon dajin zuwa Turanci a 1929.

Bayan shekara hamsin, Sydney Brenner ya zaɓi wata ƙaramar 'yar'uwar macijin ciki mai suna C. elegans, wadda tsawonta milimita ɗaya ne kuma ba ta cutar da mutum. An bi sawun ƙwayoyin jikinta 959 ɗaya bayan ɗaya, aka kuma ga wasu 131 da ke kashe kansu bisa umarni. An ga yadda ƙwaya guda ke aika saƙo ga maƙwabtanta uku su gina ƙofar fitar ƙwai, kuma ɗaya daga cikin masu isar da saƙon, Ras, shi ne ke maƙalewa a kunne a yawancin ciwon dajin gaɓar ciki da ake kira fankiriyas da kuma da yawa na babban hanji. Aikin tsutsar ya kawo kyautar Nobel a 2002.

Macijin cikin yaronka kuwa yana nan. Macen tana iya zuba ƙwai kusan 200,000 a rana, suna fita a bahaya, suna jure shekaru a ƙasa mai laima, su koma baki ta hannun da ba a wanke ba ko ganyen da aka ci ɗanye. Inda ake bahaya a bayan gida ko a gefen gona, zagayen ba ya yankewa. Maganin albendazole yana kashe ta ne ta hanyar lalata sinadarin da ake saƙa zaren nan da Boveri ya zana yana jan kuromosom. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 ake ba wanda ya kai shekara biyu, rabinta ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyu, sau ɗaya ko biyu a shekara. Mai ciki ba ta sha a watanni ukun farko. Yaron da cikinsa ya kumbura, yana amai kuma bahaya ya tsaya, kada a ba shi maganin a gida, a kai shi asibiti a ranar, domin tsutsotsin kan dunƙule su toshe hanji.